Naci a Kan Sana'a: Shekarun da Ba a Ba da Labarinsu

A shekarar 1929 Alhassan Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa, kayan raƙuma ashirin, reshen Kano na bankin Turawan Ingila da ake kira BBWA, wanda daga baya ya zama First Bank. Da wuya a sami ɗan kasuwar Kano da bai taɓa jin wannan labari ba. Ana ba da shi a majalisa, ana ba da shi a rediyo, yanzu ma ga shi yana yawo a Facebook da TikTok an jingina masa tsohon hoton dalar gyaɗa. Abin da masu ba da labarin suka saba tsallakewa shi ne shekarun mai kuɗin. A 1877 aka haife shi a Bebeji. Ke nan ranar da raƙuman suka durƙusa a ƙofar banki yana da shekara 52 a duniya, fiye da 30 daga ciki kuma a kan hanya da cikin kasuwa ya yi su.

Bai tashi cikin gata ba, duk da cewa gidansu gidan fatauci ne. Mahaifinsa Abdullahi, ɗaya daga cikin Agalawa, ya rasu Alhassan yana yaro. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, ta tashi ta koma Akra a ƙasar Gana ta yau, ta bar yaran a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Ya yi karatun allo cikin irin rashin da kowane almajiri ya sani. Yana tashen samartaka Basasar Kano ta ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, ta kuma daki Agalawan Bebeji. Da ƙura ta lafa sai ya kama hanyar da iyayensa suka bi, hanyar Gwanja, neman goro.

Matashin da ya saba yin sari ta waya a aiko masa da kaya a motar dare ya kamata ya tsaya ya auna wannan tafiya. Ayari ne ke tashi ƙarƙashin madugu, da jakuna da 'yan alaro, ɗauke da kanwa da tufafin Kano da jan fata, a yi watanni ana sauka zango ana tashi, ana biyan fito a bakin kogi, ana kai gaisuwa ga sarakunan hanya. A dawowa kuma ga goro, kayan da ba ya yafe sakaci ko na kwana biyu: sai an riƙa kwance huhu ana tsince wanda sankara ta taɓa, ana canja ganye, ana yayyafa ruwa, in ba haka ba a iso gida da asara. Riba sau ɗaya take zuwa a shekara, idan ta zo. Wajen 1906 Ɗantata ya riga ya gane cewa jirgin ruwa daga Akra da Sekondi zuwa Legas ya fi jaki sauri, ya zama cikin na farko da suka bi da goronsu ta teku.

Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa wa rai saboda masaƙun Ingila. Manoman Kano kuwa suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, wadda ko ba a saya ba a ci ta a gida. A 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta haura tan 19,000, alhali shekara biyu kafin nan ko 2,000 ba ta kai ba. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi amma ba su san ƙauyuka ba, ba su kuma san wa za a damƙa wa kuɗi ya dawo da kaya ba. Fataken goro su suka san wannan. A 1918 Kamfanin Neja ya ɗauki Ɗantata ya riƙa saya masa gyaɗa, shi kuma ya baza yaransa cikin karkara da kuɗi a hannu, mutanen da ya gwada amanarsu shekara da shekaru. Abin da kamfanin ya samu a wurinsa daɗewa ce: an san shi, an san gidansa, an san in ya ce buhu dubu to buhu dubu za a gani. Ya rasu a 1955 ana ɗaukarsa mafi arziki a Afirka ta Yamma.

A ɗora wannan kusa da tarihin kasuwancin wani matashi na yau, irin wanda kowace unguwa take da shi. Ya gama sakandare ko hidimar ƙasa, an haɗa masa ɗan jari, ya kafa lema da teburi ya fara POS. Wata huɗu, wasu uku sun kafa nasu a layin, ciniki ya ragu, ya sayar da na'ura ya koma sarin waya a kasuwar Farm Centre. Aka cusa masa waya biyu masu matsala, ya ce harkar ba albarka. Ya sayi kaji 'yan kwana ɗaya ana tsakiyar zafin Afrilu, rabi suka mutu. A 2024 yana cikin masu kwana suna dangwalar fuskar waya da sunan mainin, har ranar 26 ga Satumba da wasan Hamster Kombat ya raba abin da ya raba, mutane da yawa suka tarar rabonsu bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba. In ya yi rashin sa'a, ragowar jarin damfarar CBEX ce ta tafi da shi a Afrilun 2025, yadda MMM ta tafi da na yayyensa a Disambar 2016.

Wannan yaro fa ba rago ba ne. Wanda ya kira shi rago bai yi masa adalci ba, domin ya fi mutane da yawa zirga-zirga da rashin barci. Ciwonsa ɗaya: bai taɓa zama a sana'a guda har ya ga ƙarshen shekararta ba. Zafin nema kuwa, in ji Hausawa, ba ya kawo samu.

Duk sanda ya canja layi akwai abin da yake zubarwa bai lissafa ba. Kayan aikin da ya saya sabbi ya sayar da su a farashin na hannu. Mutum goma sha da suka fara sabawa da shi sun koma wajen maƙwabci. Mafi tsada duka, ɗan ilimin da ya fara tarawa ya tashi a banza, zai je wata sana'ar ya sake yin asarar da kowane sabon shiga yake yi kafin ido ya buɗe.

Kowace sana'a tana da lokacin cinta da lokacin yunwarta. Mai ƙanƙara da ruwan sanyi yana dariya daga Maris zuwa Mayu, in hunturu ya shigo sai ya yini yana kallon firji. A daidai lokacin ne mai shayi da mai rigunan sanyi suke cin kasuwarsu. Tumatir a Kwanar Gafan yakan yi arha lokacin girbin rani har a rasa inda za a kai shi, da damina kuma kwando ɗaya ya gagari mai gidan abinci. A Dawanau hatsi yakan sauka da kaka, ya hau idan rumbuna sun fara ƙarewa, amma wannan ma ba doka ba ce: waɗanda suka cika sito suna jiran tsada a 2025 sun ga farashi ya juya musu baya. Kantin Kwari tana cika maƙil kafin azumi da gabannin Salla, bayan Salla kuma yaran shago su yi ta hira. Ga wani ƙarin: azumi kansa yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, don haka cinikin da ya zo cikin zafi bana, nan da 'yan shekaru cikin sanyi zai zo, da buƙatu daban. Wanda ya yi wata biyar a sana'a ya ce ya gwada ta, bai ga komai ba tukuna. Wataƙila lokacin cinta ya tarar, ya ɗauka kullum haka take, ya ci bashi ya ƙaro kaya. Wataƙila kuma cikin yunwarta ya shigo, ya gudu ana saura wata biyu kasuwa ta buɗe.

Shi ya sa tsohon tsarin kasuwa bai yarda a miƙa wa yaro jari rana ɗaya ba. Sai ya zauna a gaban ubangida shekaru. Ya share shago, ya jera kaya, a aike shi banki, a aike shi tasha, a bar masa shago yini guda a ga yadda lissafi zai kwana, sannan wata rana a tura shi Legas ko Aba sari shi kaɗai. Sai an ga hankalinsa ake sallamarsa da jari ko da kaya, sau da yawa har da wasu daga cikin masu sayen ubangidan. Haka Alhazan Maraɗi suka gina dukiyarsu, kamar yadda Bafaranshen nan Emmanuel Grégoire ya nuna a littafin da ya rubuta a kansu a 1986: attajiri da barorinsa, bara ya yi hidima ya girma, shi ma ya zama ubangidan wasu. 'Yan kasuwar Ibo a Sabon Gari haka suke yaye yaransu. Gaskiya ne akwai iyayen gidan da ke cin gumin yaro shekara bakwai, in lokacin sallama ya zo su ƙirƙiro masa laifi. Wannan zalunci ne, ya kamata kuma shugabannin kasuwa su riƙa sa baki, a rubuta sharuɗɗa tun farko a gaban shaidu. Amma matashin da ya ce shi da digirinsa ba zai share shagon kowa ba, ya sani cewa abin da ya ƙi koya kyauta da jarinsa zai saye shi.

Wanda yake son ganin naci ido da ido ya fito da asuba ya tsaya wajen mai shayin unguwa. Kafin a idar da salla ruwansa ya tafasa. Ya goge teburi, ya jera gwangwanayen madara da Bournvita dala-dala, burodi a gefe cikin leda, kiret ɗin ƙwai a ƙasa inda hannu ba zai buge shi ba, rediyo yana kawo labaran safe. Masu zuwa ba sa dogon bayani. Direban A Daidaita Sahu zai zauna a fasa masa ƙwai biyu da albasa mai yawa bai ce uffan ba. Dattijon da likita ya hana sukari a miƙo masa nasa ba sukari. Ɗan makarantar da kuɗinsa na rabin burodi ne a yanka masa rabin, ba a sa shi jin kunya ba. Mai shayin yana ɗaga kofi sama yana tsiyayo shayi cikin wani don ya huce, idonsa na kan kaskon ƙwai, kunnensa na wajen mai cewa, "Malam, rubuta min, sai yamma." Ribarsa a kofi ɗaya ba ta kai a faɗa ba. Abin da ke riƙe da shi mutum arba'in ne ko hamsin da suka tabbata gobe ma yana nan, a wannan kusurwa, a wannan lokaci. Ya yi fashin kwana uku a jere ba dalili, ranar ta huɗu zai tarar rabinsu sun gano cewa shayin tsallaken titi ma ba laifi.

Can gaba a layin kuma ga shagon wani saurayi, fenti sabo, allon suna mai fitila. Jiya an yi wasan Barcelona da dare, don haka yau sai sha ɗaya za a buɗe. In mai saye ya shigo, sai ya yi sallama biyu kafin a ɗago kai daga waya.

Malamai suna yawan kawo labarin Abdurrahman ɗan Aufu, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ya isa Madina ba ko sisi, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya nemi a nuna masa kasuwa. A nan masu wa'azi da yawa suke tsayawa, jama'a su yi kabbara. Ragowar ruwayar ta fi amfanar ɗan kasuwa: ranar farko ɗan cuku da man shanu ya dawo da su, daga nan ya riƙa sammakon kasuwar kullum, har aka wayi gari ya yi aure da sadakin zinari daga gumin kansa.

Akwai kuma nacin da ba a gani daga waje, na hana hannu shiga aljihun teburi. A ɗauka mai shagon kayan masarufi ya yi cinikin naira 40,000 a yini, ribar ciki kuma 4,000 ce. Sauran 36,000 ba nasa ba ne, kuɗin da zai mayar da kayan da suka fita ne. Amma ido 40,000 yake gani. Ya ciri na mai, ya ciri na data, ya ciri na zance, abokin da zai yi aure ya kawo anko, ƙanin baba ya aiko a ba shi taliya katan ɗaya zai turo da kuɗin. Ba wanda ya saci komai. Wata shida sai a ga kanta ta fara haske, an baza gwangwani biyar inda ashirin suke zama, mai shago kuma yana rantsuwa cewa hannu aka sa masa. Da tsadar yanzu abin ya fi muni, domin ko bai taɓa kwabo ba, kuɗin da suka sayi katan goma jiya tara za su saya gobe. Wanda ba ya mayar da wani abu daga riba cikin uwar kuɗi, jarinsa yana zagwanyewa yana zaune a kai.

Maganin tsoho ne, ɗacinsa ne ya sa ake gudunsa. Mai shago ya yanka wa kansa albashi kamar yadda zai yanka wa yaro, ya tsaya a kai. Kuɗin shago su zauna a asusu daban. Komai ya fita a rubuta, har sabulun da aka kai cikin gida. Bashi dai hanji ne, yana cikin kowa, ɗan kasuwar unguwa ba zai ce sam ba ya bayarwa ba. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba wanda zai ce rubutu rashin yarda ne. Inda aka fi shan wuya shi ne dangi. Masu dabara sukan ware abin kyauta daga albashinsu, in ɗan uwa ya zo su ba shi daga nan su ce ba bashi ba ne, kayan kanta kuwa su ce na mutane ne. Ba su yi ƙarya ba.

Wannan tsantseni yana da dalili, domin kasuwar Bahaushe tun asali a kan amana take tafiya fiye da tsabar kuɗi. Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda Hausawan wurin suke riƙe da cinikin shanu da goro. Falke zai kawo shanu daga Arewa ya sauka gidan maigida, dillalan maigidan su sayar wa mahautan Yarbawa bashi, a biya bayan makonni, ba takarda, ba kotu. Maigida ne ke tsaya wa kuɗin. In mahauci ya gaza, shi ake bi. In shi ma ya gaza, labari ya isa Arewa, ba mai ƙara sauka gidansa. Dillali kuma sai ya san kowane mahauci ciki da bai: nawa yake yankawa, nawa ake binsa, ya taɓa saɓa alkawari ko bai taɓa ba. Irin wannan sani ba a tara shi a wata shida, ba a kuma ɗaukarsa a tafi da shi wata sana'ar.

Har gobe haka ake yi a Kwari da Singa da Wambai. Babban dila yana ba ƙaramin ɗan kasuwa kaya ya sayar ya kawo kuɗi, amma sai wanda ya ga zuwansa da komawarsa shekaru. Ranar masifa ake ganin amfanin wannan. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A irin wannan safiya kowa toka yake tararwa, mai shekara ashirin da mai wata uku. Bambanci sai an je neman kaya yake fitowa. Wanda aka sani da biya a kan lokaci ana iya buɗe masa sito a ce ya ɗiba ya fara juyawa. Sabon shiga kuwa sai jaje. Tela ma haka. Mai karɓar ɗinkin da ya san ba zai gama ba, ya kashe waya daren Salla ya kwana gidan aboki, ya ci kuɗin bana ya sayar da na baɗi. Wanda ya rufe karɓa tun tsakiyar azumi, ana yi masa magiya yana ba da haƙuri, shi ne ake kai wa yadi tun watan Sha'aban.

Kada a ɗauka ana cewa duk wanda kasuwancinsa ya mutu laifinsa ne. Shekarun nan sun karya mutanen da ba su taɓa makara ba. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Korona ta kulle Kano a Afrilun 2020. Canjin takardun 200 da 500 da 1,000 ya busar da tsabar kuɗi a farkon 2023. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin kwanaki, ta wuce 1,000 a 2024, shekarar da hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba. Binciken da SMEDAN, hukumar kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ta yi tare da wannan hukuma ya nuna ƙanana da matsakaitan sana'o'i sun ragu daga miliyan 41.5 a 2017 zuwa miliyan 39.6 a ƙarshen 2020, tun ma kafin a shiga tsadar mai. Ga rashin wuta, ga haraji kala-kala, ga hanyoyin da 'yan bindiga suka hana bi. Naci ba ya sauke farashin dizal, gwamnati kuma ba ta da bakin yi wa matasa wa'azin haƙuri alhali ba ta ba su wutar da injin niƙa zai tashi ba.

Abin dubawa shi ne yadda waɗanda suka tsira suka yi. Lokacin ƙarancin kuɗi na 2023, masu tsire da masu kayan miya da masu shayi da yawa, waɗanda ba su saba da banki ba, suka buɗe asusun OPay ko Moniepoint, suka rubuta lamba a kwali suka liƙa a jikin teburi. Da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, masu niyyar zama a harkar sufuri suka koma A Daidaita Sahu, suna kai balas kullum har wasunsu suka mallaki nasu. Sana'ar da mutanenta suka riƙe, hanyar da ta toshe kawai suka saki.

Nan ne naci ya rabu da taurin kai, marinar Ƙofar Mata kuma ta isa misali. A ƙofarta an rubuta 1498. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa Agadas da Tambutu har Tarabulus. Yau ramuka da yawa sun bushe, wasu sun cika da shara. Dattawan da suka rage suna nan suna haɗa baba da toka da katsi yadda suka gada, suna tsoma yadi suna ɗagawa iska ta buge shi, hannayensu shuɗi har wuyan hannu. Sun cancanci girmamawa. Sai dai ɗan tafiya kaɗan daga wurin Kwari ta cika da atamfa da shaddar ƙasar Sin masu arha, mai saye kuma ba ya ƙara kuɗi don an yi haƙurin shekara ɗari biyar. In marinar za ta rayu, sai 'ya'yan marina sun tsaya a kan rinin kakanninsu tare da fita neman masu saye na dabam: masu ɗinkin zamani, masu kayan adon ɗaki, kasuwar intanet.

Littafin shago ne alƙalin da ke raba gardama. In an ga shekara biyu cikakku, ana buɗewa a kan lokaci, ba a cin jari, amma lissafi yana nuna uwar kuɗi sai raguwa take, rufewa ba abin kunya ba ne. A biya duk wanda ke bi, a tashi da sauran jari da suna mai kyau, a koma layin da ya fi kusa da wanda aka sani. Mai yadi ya fi dacewa da hula ko takalma a kan kiwon kifi.

'Yan mata da matan aure maganar ta shafe su fiye da yadda ake zato. Kasuwar cikin gida tsohuwa ce: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, fura, ɗinkin hula, yanzu ga turaren wuta da humra da cincin da kek ana tallarsu a WhatsApp. Abin da ke cin jarinsu sananne ne, gudummawar biki, anko, da maigida mai cewa a ara masa na cefane zai mayar ƙarshen wata. Ga kuma yayi: in ɗaya ta fara abaya, duk ƙawayenta abaya, wata uku kowa ta gaji. Amma a kowace tsohuwar unguwa akwai gidan da ake kwatance da shi, a ce in ka wuce gidan mai waina ka sha kwana, ko a ce ƙofa ta biyu bayan gidan mai koko. Matar da ta kai gidanta ga wannan matsayi ba ta da allon talla. Abu ɗaya ta yi, da ɗanɗano ɗaya, a lokaci ɗaya, har yaran da ta sayar wa suka fara aiko nasu yaran, da kuɗin kuma ta zuba adashi ta yi wa 'ya'yanta kayan ɗaki, wata ma ta sauke farali.

Matashin da ke shirin karɓar jari bana, na gado ne ko na adashi ko na wani tallafi, ya fara zama wajen mai irin sana'ar ko da na 'yan watanni ne, sannan ya je gaban mahaifi ko wani babba da yake jin nauyinsa ya yi alkawarin ba zai ta da maganar canja layi ba sai ya ga azumi biyu da damina biyu a ciki. Wanda kuma ya riga ya buɗe, yake tunanin sayar da kanta da firji saboda wani aboki ya nuna masa sabuwar harka a waya, ya tambayi abokin wata nawa ya yi a cikinta, ya kuma tambaye shi ina ya kai wadda ya zo da ita bara.